Madatsun Ruwan da Aikinsu Ya Ƙare: Dalilin da Ya Sa Turai da Amurka Ke Rushe Su

Ga mutumin da ya tashi a ƙasar da ruwan sama ke sauka wata uku ko huɗu kacal a shekara, jin cewa wata hukuma ta ware kuɗi, ta kawo katafila, ta fasa madatsar ruwa da gangan, abu ne da zai yi masa kama da ɓarna. Amma abin da ke faruwa ke nan a Turai da Amurka, kuma ƙaruwa yake yi. Ƙungiyar American Rivers, wadda ke ajiye lissafin wannan aiki, ta ƙirga madatsu fiye da 2,000 da aka rushe a Amurka tun daga 1912, mafi yawansu a cikin shekaru 25 ɗin nan na baya. A Turai kuwa, gamayyar ƙungiyoyin da ake kira Dam Removal Europe ta ba da rahoton cire shingayen ruwa 487 a 2023, sannan 542 a 2024. Sai dai kafin mai karatu ya kawo hoton Tiga ko Kainji a ransa, ya kamata ya san cewa galibin abin da ake rushewa ba irinsu ba ne. Gajerun bangaye ne na dutse ko kankare, wasu ba su kai tsayin mutum ba, waɗanda aka gina shekaru ɗari ko ɗari biyu da suka wuce domin juya injin niƙa, ko injin yanka katako, ko masaƙa, kuma masana'antun da aka gina su dominsu sun daɗe da rufewa.

Yawansu ne ya mai da su babbar matsala. A 2020 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa sakamakon wani bincike mai suna AMBER, wanda ya ƙiyasta cewa akwai shingaye aƙalla miliyan 1.2 a kan kogunan ƙasashe 36 na Turai, kuma kashi 68 cikin ɗari ba su kai mita biyu a tsayi ba. Masu binciken ba su tsaya ga takardun hukumomi ba. Sun bi gaɓar koguna na kimanin kilomita 2,700 suna ƙirgawa da idonsu, inda suka tarar cewa fiye da rabin shingayen da ke ƙasa babu su a rajistar kowa. Idan aka raba adadin, ana cin karo da shinge guda a kusan kowace kilomita ɗaya da rabi. Duk direban da ya taɓa bin hanyar da aka cika da shingayen bincike ya san cewa ba shinge ɗaya ne ke kashe tafiya ba, jeruwarsu ce, kuma haka abin yake ga kifin da ke son hawa daga teku zuwa mafarin kogi.

Abin da ƙaramar madatsa ke yi wa rafi ya wuce tare ruwa, domin kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba. Yana tafe da yashi da tsakuwa da laka da ganyaye da rassan itatuwa daga tudu zuwa gangare, kifaye kuma suna bin sa a juye, daga gangare zuwa tudu. Da zarar an gitta bango, ko da na mita ɗaya ne, ruwan da ke bayansa sai ya rage gudu, ya sauke kayan da yake ɗauke da su. Laka ta binne tsakuwar da kifaye ke zuba ƙwai a cikinta, ta kuma kashe ƙananan ƙwarin ruwa da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu, waɗanda su ne abincin ’ya’yan kifi. Ruwan ya bazu ya zama marar zurfi, rana ta gasa shi, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Idan takin gonaki da ƙazantar gari suka gangaro suka kwanta a wannan wuri, sai gansakuka ta rufe saman ruwan, idan ta mutu ta ruɓe kuma ta cinye ragowar iskar. A ƙasan bangon kuwa akasin haka ne ke faruwa: ruwan da ya tsallako ya bar yashinsa a baya, don haka sai ya shiga cin gindin kogi da gaɓoɓinsa domin ya cike gurbin abin da ya rasa, har wani lokaci ya tone ginshiƙan gada.

Batun kifi shi ya fi jan hankalin jama’a, kuma da dalili. Akwai kifayen da ke girma a teku amma ba sa hayayyafa sai a ruwan daɗi, kamar salmon da sturgeon da alewife, akwai kuma eel mai siffar maciji wanda ke yin akasin haka. Salmon gwanin tsalle ne, amma yawancin sauran ba sa iya ƙetare bangon da yaro ɗan shekara goma zai haura ba tare da wahala ba. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli suka fitar a 2024 ya nuna cewa yawan kifayen ruwan daɗi masu ƙaura, a cikin rukunonin da ake bibiya a duniya, ya ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1970 da 2020, kuma toshe hanyoyinsu na cikin manyan dalilai. An daɗe ana ƙoƙarin magance wannan ta hanyar gina wa kifi matattakala a gefen madatsa, wato jerin ƙananan kwamin ruwa da zai riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. Dabarar tana aiki ga wasu kifaye, ba ta aiki ga wasu, kuma lissafinta ba ya da daɗi idan madatsun suka jeru. A ce kowace matattakala tana barin kifi bakwai cikin goma su wuce, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Bayan madatsu biyar, ba za a samu ko biyu cikin goman da suka isa inda za su zuba ƙwai ba. Matattakala kuma ba ta sanyaya ruwa, ba ta wuce da yashi.

Labarin da ya sauya tunanin hukumomi a Amurka shi ne na madatsar Edwards da ke kan kogin Kennebec a birnin Augusta na jihar Maine. An gina ta a 1837, tsayinta kimanin mita 7, tsawonta kuma wajen mita 280, ta kuma toshe hanyar kifaye masu fitowa daga teku na tsawon shekaru fiye da 160. A ƙarshen rayuwarta wutar lantarkin da take bayarwa megawat 3.5 ce kawai, wadda ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na bukatar jihar ba. Da lasisinta ya zo sabuntawa, hukumar tarayya mai kula da makamashi, FERC, ta auna amfanin wutar da asarar kogin, ta kuma gano cewa gina wa kifi hanyar wucewa zai fi rushe madatsar tsada. A 1997 ta ƙi sabunta lasisin, ta ba da umarnin a rushe, kuma wannan ne karo na farko da ta yi haka ba da son mai madatsa ba. Ranar 1 ga Yuli, 1999, aka fasa ta a gaban taron jama’a, ciki har da sakataren harkokin cikin gida na lokacin, Bruce Babbitt, aka buɗe kimanin kilomita 27 na kogin har zuwa garin Waterville. Cikin ’yan shekaru ingancin ruwan ya ƙaru har hukumomin jihar suka ɗaga matakinsa, sturgeon ya koma wuraren da aka daɗe ba a gan shi ba. Bayan an cire madatsar Fort Halifax a bakin kogin Sebasticook, wanda ke zuba cikin Kennebec, a 2008, sai kifin alewife ya riƙa hawa da miliyoyi a kowace bazara, tsuntsaye masu cin kifi suka biyo shi, masu kamun ƙaguwar teku kuma suka samu abin sa wa tarkunansu a kusa da gida.

A ganina, abin lura a labarin Edwards ba dawowar kifin ba ce, domin wannan masana sun yi hasashenta. Abin lura shi ne yadda aka yanke hukuncin: an ɗora madatsa guda a kan ma’auni, an tambayi aikin da take yi a yau, ba wanda ta yi a zamanin kakanni ba, an kuma tambayi wanda ke ɗaukar asararta. Da an yi wa kowace madatsa wannan tambaya, da yawa za su tsira, domin suna ba garuruwa ruwan sha, ko suna shayar da gonaki, ko suna ba da wuta mai yawa. Waɗanda ba za su tsira ba su ne marasa aiki, kuma su ne suka fi yawa a cikin ƙananan.

Gaskiyar magana ma ita ce, yawancin masu madatsun da suka yarda a rushe ba son kifi ne ya motsa su ba, aljihu ne. Bango yana tsufa, hukumar kula da lafiyar madatsu ta zo ta duba ta ce a gyara, injiniya ya kawo lissafin da ƙaramin gari ko magadan wani tsohon mai injin niƙa ba za su iya biya ba, alhali rushewa sau ɗaya ake biyan kuɗinta, sau da yawa ma da tallafin gwamnati. Ga kuma alhakin rai. Gajeriyar madatsar da ruwa ke malala ta samanta tana da wani haɗari da ba a gani daga nesa: ruwan da ya faɗo yana nutsewa ƙasa, ya taso, ya naɗo baya zuwa jikin bangon, ya sake nutsewa. Wanda ya faɗa cikin wannan juyi, ko mai iyo ne ko mai kwale-kwale, ruwan zai yi ta tura shi ƙasa yana dawo da shi, kuma saboda kumfar da ta cika wurin ko rigar ceto ba ta ɗaga mutum yadda ya kamata. Masu aikin ceto da kansu sun sha halaka a irin waɗannan wurare. Madatsar Bloede da ke kan kogin Patapsco a jihar Maryland ta daina ba da wuta tun shekarun 1920, amma ta ci gaba da tsayuwa a tsakiyar wurin shaƙatawar jama’a, inda aƙalla mutum tara suka mutu tun daga shekarun 1980, kafin a fasa ta a 2018.

Inda aikin ke da wuya da gaske shi ne laka. Fasa bangon mita biyu aikin kwanaki ne ga katafila, amma abin da ya taru a bayansa cikin shekaru ɗari shi ne ke hana injiniyoyi barci. Tambaya ta farko ita ce yawansa, ta biyu irinsa, ta uku kuma, wadda ta fi muhimmanci, me ke cikinsa. A 1973 an cire madatsar Fort Edward da ke kan kogin Hudson a jihar New York ba tare da an binciki lakar da ke bayanta yadda ya kamata ba, alhali tana cike da sinadarin PCB mai guba da ya fito daga masana’antun kamfanin General Electric da ke sama da wurin. Lakar ta gangara ta bazu a kogin, aka hana cin kifinsa a wurare da dama, kuma aikin yashe gubar da aka yi daga 2009 zuwa 2015 ya ci fiye da dala biliyan ɗaya da rabi. Tun daga wannan lokaci, haƙa lakar a kai ta ɗakin gwaji ya zama matakin farko na kowane aikin rushewa mai hankali. Idan an samu guba, sai a kwashe ta a kai inda za a killace, kuma wannan kaɗai yana iya ninka kuɗin aikin sau da dama.

Idan yashi ne da tsakuwa masu tsabta, kogi yakan yi aikin da kansa, da saurin da ya sha ba masana mamaki. Da aka cire madatsar Marmot a kan kogin Sandy na jihar Oregon a 2007, kogin ya kwashe wajen rabin abin da ya taru kafin shekara ta zagayo, kuma salmon ya ci gaba da hawa. Amma laka mai laushi dabam take. Tana iya sa ruwa ya yi jawur na makonni ko watanni, ta toshe bututun gidan ruwa na garin da ke gangare, ta binne ƙananan dabbobin ruwa masu ɓawo da ke zaune a gindin kogi ba sa iya gudu. Shi ya sa ake rage bangon kaɗan-kaɗan a wasu wurare, ake zaɓen lokacin da kifi ba ya zuba ƙwai, ake kuma shuka ciyawa da itatuwan asali a kan taɓon da ya fito fili tun kafin baƙin tsirrai su riga su mamaye shi. Watannin farko bayan rushewa ba su da kyan gani ko kaɗan: fili ne na taɓo mai wari, da tsofaffin tayoyi da kwalabe da duk abin da aka jefa cikin tafkin shekara da shekaru. Wanda bai gaya wa maƙwabta haka tun da wuri ba, ya shirya shan zagi.

Wani bincike da Robert Walter da Dorothy Merritts suka wallafa a mujallar Science a 2008 ya ƙara zurfafa wannan batu. Sun nuna cewa zuwa 1840 akwai injinan da ruwa ke juyawa fiye da 65,000 a gabashin Amurka, kuma rafukan jihar Pennsylvania masu dogayen gaɓoɓi, waɗanda aka daɗe ana ɗauka cewa haka Allah ya halicce su, a gaskiya suna ratsa lakar da ta cika tsofaffin tafkunan injinan niƙa ne. A ƙarƙashin wannan laka akwai baƙar ƙasar fadama ta asali. Ma’anar wannan ita ce cire bango kaɗai ba lallai ya mai da rafi yadda yake a da ba. Yana iya barin sa yana cin gaɓa yana tura laka gangare na shekaru masu yawa. A rafin Big Spring Run sun gwada kwashe lakar gaba ɗaya a 2011, kimanin tan 20,000, har suka isa tsohuwar ƙasar, fadama kuma ta dawo.

Masu adawa ba duka ne marasa hujja ba. Mutumin da ya sayi gida a bakin tafki bai saye shi don ya wayi gari yana kallon taɓo ba, kuma wanda rijiyarsa ba ta da zurfi yana iya ganin ruwanta ya ja baya idan tafkin ya tafi. A Faransa, ƙungiyoyin masu tsofaffin injinan niƙa, waɗanda ke kallon su a matsayin kayan tarihi, sun yi ta matsa lamba har dokar sauyin yanayi ta watan Agustan 2021 ta hana a ɗauki rushe madatsun injinan a matsayin hanyar cika sharaɗin buɗe wa kifi hanya a kogunan da sharaɗin ya shafa. Hujjar da ba ta da ƙarfi ita ce ta masu cewa ƙananan madatsun suna tare ambaliya. Ƙaramar madatsar da ruwa ke bi ta samanta kullum a cike take, don haka ba ta da wurin ajiye ruwan ambaliya. Abin da take yi ma shi ne ɗaga ruwan da ke bayanta. Duk da haka, bayan ambaliyar Valencia a Sifaniya a ƙarshen Oktoban 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 220, an yaɗa a kafafen sada zumunta cewa rushe madatsu ne ya jawo ta, alhali abin da aka cire a ƙasar galibi ƙananan shingaye ne da ba a gina su don tare ambaliya ba.

Akwai kuma inda bangon da ke cutar da kogi shi ne ke kare shi. A manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, wani baƙon kifi mai suna lamprey, wanda ke maƙale wa wasu kifaye yana shan jininsu, guda ɗaya yana iya halaka kifayen da jimillar nauyinsu ta kai kilo 18 a tsawon rayuwarsa, kuma gajerun madatsu na cikin abubuwan da ke hana shi hawa rafuka ya hayayyafa. A can, rushe madatsa ba tare da tunani ba buɗe wa ɓarawo ƙofa ne.

Idan aka juyo ƙasar Hausa, lissafin yana sauyawa, domin yawancin koramunmu ba sa gudu sai da damina, kuma ƙaramin dam na ƙasa a bayan gari shi ne mashayar shanu, shi ne noman rani, shi ne wurin su. A yankin Tahoua na Nijar ma gajerun bangayen da ake gittawa a kwaruruka domin su baza ruwan damina a fadama gyara ƙasa suke yi, suna ɗaga ruwan rijiyoyi. Babu mai hankalin da zai ce a rushe irin waɗannan. Amma illar tare kogi ba baƙuwa ba ce a wurinmu: tun bayan gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da ke raya dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta suka ɗanɗana kuɗarsu. Ƙananan dama-daman ma suna cikewa da laka, suna zama matattarar sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma ɓallewar Bagauda a 1988 da ta Alau a Satumban 2024 sun nuna abin da bangon da ya gaza ke yi wa mutanen da ke ƙasansa. Abin da za a ɗauka daga Turai da Amurka a nan shi ne ɗabi’ar ƙirga madatsu, da sanin mai kowace ɗaya, da yanke shawarar yashewa ko gyarawa ko saukewa tun kafin damina ta yanke ta.

Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin mai da kilomita 25,000 na koguna su riƙa gudu babu shinge kafin 2030, ta kuma sa shi a cikin dokar farfaɗo da muhalli da ta fara aiki a Agustan 2024. Da shingaye fiye da miliyan guda a ƙasa, cire ɗari biyar a shekara ba zai kai ko’ina ba sai an iya zaɓe, domin cire na tsakiya a jerin goma ba ya buɗe wa kifin teku komai, alhali cire na farko daga bakin teku yana iya buɗe kogi da rassansa. A Finland an bi kogin Hiitolanjoki an cire madatsunsa uku a jere daga 2021 zuwa 2023, aka fara da ta ƙasa, kuma a kakar farko aka ga salmon na tafkin Ladoga, wanda kogin ke zuba cikinsa a Rasha, yana zuba ƙwai a inda a da tafki ne. A kogin Penobscot na Maine kuwa, ƙabilar Penobscot, wato mutanen asalin yankin, da ƙungiyoyin muhalli da kamfanin wuta da gwamnati sun zauna sun dubi kogin gaba ɗayansa: aka cire madatsar Great Works a 2012 da ta Veazie a 2013, aka haƙa wa kifi hanyar kewaye madatsar Howland wadda aka kammala a 2016, aka kuma ƙara ƙarfin injina a wasu madatsun da aka bari, ta yadda wutar da kogin ke bayarwa ba ta ragu ba, kifi kuma ya samu hanyar shiga fiye da kilomita 1,600 na kogin da rassansa.